Jirgin ruwa ko yawon ƙasa da ɗan jagora? Shawara nake nema, da iyali za mu fita

Abban Hanifa (Samaru)

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema gun waɗanda suka taɓa fita waje da iyali, ba Hajji ko Umara ba, yawon buɗe ido zalla. Ejan ɗina na Kano ya ajiye min zaɓi biyu, na ɗaya babban jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ake ce ma kuruz, sati guda, ya tashi daga Basalona ya biya Faransa ya shiga Italiya ya dawo, ci da kwana duk a ciki. Na biyu Masar, mota da otal da ɗan jagora, Alƙahira da Luksor da Aswan. Mu shida ne, ni da uwargida da yara uku, babbar 12, mai bi mata 8, autan bai kai biyu ba, sai Hajiyarmu da gwiwa ke damunta, ko bakin titi za ta sai ta huta a hanya. Yara sun ga bidiyon jirgi a TikTok sun hana ni sakat, Hajiya kuma ta ce ita in dai ruwa ne a kai kasuwa. Wanne ya fi dacewa da mu? kuma dogon hutun Agusta ko Disamba?

Bazazzagi na Kwarbai

Wa'alaikumussalam. Abban Hanifa kafin maganar wanne ya fi daɗi, fara duba inda koren fasfonka zai iya shiga. Sifen da Faransa da Italiya duk Shengen ne, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuɗin biza yuro 90 ne babba, yaro ɗan 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, kaga babbar taka ma kuɗin manya za ta biya, kowa da fayil ɗinsa, ga takardun banki ga zuwa Abuja ko Legas a dangwala yatsa, in sun hana kuma kuɗin sun tafi kenan. Matsalar ita ce kamfanin jirgi yana son ka gama biya tun da sauran makonni, shi kuma jirgi baya jiran bizar kowa. To in aka ba mutum biyar aka hana Hajiya fa? Ka sa ejan ɗin ya rubuta maka a takarda abin da zai dawo maka in biza ba ta fito ba, kar ka yarda da "ai ba matsala Alhaji". Masar ma sai da biza amma ba ta kai wannan wahalar ba, kuma EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, ka kama titin Kano da safe kawai, babu zaman jiran canjin jirgi da tsohuwa da goyo.

Maman Walid (Gyallesu)

Ni na shiga irin jirgin nan da yara, amma na Dubai ne mai biyawa Abu Dabi da Doha, lokacin sanyi suke yi. Gaskiya ga uwa akwai hutu, sau ɗaya za ki buɗe akwati ki jera kaya shikenan, ba yau wannan otal gobe wancan ba, akwai lifta ko'ina saboda haka Hajiya ba za ta hau bene ba, abinci kuma kusan kowane lokaci akwai. Girgiza ma ba wata mai yawa ba ce in an zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi ƙasa ƙasa, sai dai a riƙe maganin tashin zuciya.

Amma fa abin da bidiyo baya nunawa, ɗakin kamar shagon caji yake wlh, mai arahar ko taga babu, ba ka sanin gari ya waye sai ka duba waya, kuma yawanci mutum huɗu ne iyaka don haka ɗaki biyu za ku kama. Alƙibla kuma, ka tada sallah tana gabanka kafin la'asar jirgi ya juya, maigidana kullum da waya a hannu yana lalube. Banɗaki ba buta, mu da tamu muka tafi. Nama sai ka yi ta tambaya na halal ne ko a'a, ƙarshe kifi da shinkafa da ƙwai muka lazimta. Can sama wajen ninƙaya kuwa ba wurin da za ka kai Hajiya ba ne, kiɗa da giya da shigar da ka sani, ni dai da sassafe nake kai yara kafin mutane su fito. Autanku ma ba za a bar shi shiga ruwan ba tunda yana saka famfas, wurin renon yara kuma da yawa sai ɗan shekara 3.

Sai kuɗi. Wannan "komai a ciki" ɗin ba komai ba ne, akwai kuɗin ma'aikata da suke ɗorawa kullum kan kowane kai, dala goma sha wani abu, intanet daban, lemo daban, fita gari da motarsu daban. Kuma jirgi ya tsaya da safe yamma ya tashi, garin leƙe kawai za ku yi masa kuna duba agogo.

Tsohon ɗalibin Azhar

Malam ni na yi karatu a Alƙahira, ina ganin ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Tsakanin Luksor da Aswan akwai ƙananan jirage masu ɗakunan kwana a kan kogin Nilu, kwana uku ko huɗu suke yi, su tsaya Edfu da Kom Ombo, a Esna kuma akwai ƙofar ruwa da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi, yara na son kallon wannan, 'yan talla na biyowa cikin kwale-kwale suna jefo jallabiya sama kana jefa musu kuɗi a leda. Kogi ne ba teku ba, babu igiyar ruwa, gaɓa na gani hagu da dama, dabino da gonakin rake da kiran sallah daga ƙauyuka, abinci kuma ba sai ka yi tambaya ba. Ina ga ko Hajiya in ta ga ƙasa na kusa hankalinta zai kwanta.

Abu biyu dai. Da yawan jiragen Nilu ba su da lifta, hawa huɗu ko biyar ne da matakala, kuma a tasha jerawa suke gefe da gefe sai ka ratsa ta cikin wasu kafin ka taka ƙasa, don haka a nema mata ɗaki a hawan da ake shiga. Na biyu kar ka kuskura Agusta, Luksor da Aswan zafi na wuce digiri 40, zafin Zariya na watan Afrilu wasa ne, kuma wuraren duk fili ne da duwatsu ba inuwa. Disamba ne lokacinsa duk da farashi na tashi.

Batun ɗan jagora, ka tambaya naku ne ku kaɗai ko cikin ayari za a cusa ku. In ayari ne bas ba ta jiran mai ciwon gwiwa, za a ce minti arba'in kowa ya dawo, kuma dole a biya da ku shagon turare da na takardar fafirus saboda ɗan jagora na da kamasho. Ku shida kun isa a ba ku ƙaramar bas taku, ka ce masa a tsaya sallah ya tsaya. Abu Simbel, wurin tarihin nan da ke kudu da Aswan, ka cire, kafin asuba ake tashi, tafiyar awa uku da wani abu zuwa kawai. Kwarin Sarakuna ma, kaburburan fir'aunoni da ke Luksor, gangara ce cikin rami, Hajiya ta zauna a jirgi da autan. Nata rabon yana Alƙahira, masallacin Azhar da ya haura shekara dubu, na Husaini kusa da kasuwar Khan Khalili, kabarin Imamu Shafi'i, masallacin Amru bin Asi, sannan tun 2021 gawarwakin fir'aunoni suna gidan tarihi na Fusɗaɗ har da Ramsis na biyu wanda wasu ke cewa shi ne na zamanin Annabi Musa, Allahu a'alamu. Ka riƙe canji da yawa, bakshish, wato tukwici, ba ya ƙarewa a Masar.

Kawu Ɗan Sabon Gari

Ni dai da za ka ji tawa, kuɗin nan ka kai tsohuwa Umara ta yi maka addu'a. In yara sun nace sai babban jirgi, Saudiyya ma ta fara nata mai suna AROYA daga Jidda a ƙarshen 2024, babu giya a ciki, abinci halal, ga wurin sallah. A gama ibada a shiga, kowa ya samu nasa.

Abban Hanifa (Samaru)

Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Kawu ai Hajiya ta yi Umara bara, amma zan tambayi na Jiddan. Turai dai na cire ta, maganar Bazazzagi ta shige ni. Na karanta ma Hajiya bayanin Malam na Azhar, da ta ji Imamu Shafi'i ta ce to a je, amma jirgin Nilun sai ta gan shi da idonta tukun. Maman Walid batun buta an rubuta 😂 Malam daga Alƙahira zuwa Aswan ɗin fa, jirgin ƙasa ko na sama? ejan na cewa na ƙasa ya fi sauƙi.

Tsohon ɗalibin Azhar

Na ƙasa mai gado kwana ake yi a hanya, sama da awa goma sha biyu, ɗakin mutum biyu ne gado ɗaya saman ɗaya, kuma baƙi da kuɗin waje suke biya don haka sauƙin ba wani mai yawa ba ne. Da Hajiya da goyo ku hau na sama, awa ɗaya da rabi ma bai cika ba. Kar ku manta katin rigakafin shawara na kowa, sannan ka sa ejan ya turo maka sunan jirgin Nilun tun yanzu ka duba hotunan matakalarsa kafin ka biya ko sisi.