Maimaita JAMB: juriya ce ko ɓata ƙuruciya?

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da la'asar na bi ta gindin darbejiyar bakin kasuwa, na ƙirga samari tara a kan benci. Duk sun gama sakandare, wasu tun 2022. Kowa ka tambaya me yake yi sai ya ce "ina jiran JAMB". Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, amma sai na faɗa: yaron ƙauye da ya zana JAMB, wato jarrabawar shiga manyan makarantu, sau ɗaya bai samu gurbi ba, ya ajiye biro ya kama sana'a. Maimaita ta shekara bayan shekara ba juriya ba ce, ɓata ƙuruciya ne. Ni a 2014 na gama. Na zana sau biyu, na haƙura, na tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, na yi shekara uku ina share shagon ubangidana ina kallon yadda ake canza gilashin waya. Yau teburina nake, da yara biyu a ƙarƙashina. Ba abin da ke ci mini rai kamar shekara ta biyun nan da na zauna jira.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zaman bencin ni ma yana damuna, amma "sau ɗaya" ɗin nan ban yarda da shi ba. Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaranmu da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan kwamfuta. Yaro ya kwana a Dutse ko Haɗejia a barandar masallaci, ya shiga ɗaki da sassafe hannu na rawa, agogo na gudu a gaban idonsa. Wani ma ya gama aji shida ba tare da tsayayyen malamin Fiziks ba. Makin da ya ci a wannan rana ba ma'aunin ƙwaƙwalwarsa ba ne. Wasu kuma ba JAMB ce ta kayar da su ba, kiredit ɗin Turanci ne ko Lissafi, alhali a yawancin kwasa-kwasai ana karɓar sakamako biyu a haɗe, na WAEC da na NECO. Gyaran darasi ɗaya ya rage wa yaro, sai mu ce ya rufe littafi?

Autan Zaure: Yaya, ina cikin taran da ka ƙirga, ni ne mai jar hula. A 2023 na gama. Zanawar farko na ci 148, ta biyu 176. Da damina kullum ina gona da Baba tun daga shuka har yankan gero. Rani ne ba mu da fadama. Wallahi ba daɗin zaman nake ji ba, in na shiga gida da azahar Inna ta miƙo mini kwano kunya ce ke kama ni. Amma ka ce a kama sana'a kamar a ƙasa take a ɗauka. Kai da ka je Kano akwai ɗan uwan da ya ba ka wurin kwana. Ni wa zai karɓe ni? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar ma sai an yi shawara a gida.

Manomin Rani: Auta, wa ya ce sai Kano? Ga ruwa nan a kwarin Haɗejia, mutanen Auyo ba sa sanin rani ya shigo. Lokacin dashen shinkafa 'yan ƙwadago nake nema ido rufe, har daga wasu garuruwa suke zuwa, amma yaran garinmu da suka sa yunifom ba sa son taɓo ya taɓa musu ƙafa. Wannan girman kan shi ne ciwon. Ba zan ruɗe ka ba, noma ba aljanna ba ne. Ambaliyar 2022 ta shanye mini gona sai da na sayar da sa na biya bashin taki, kuma man injin ban-ruwa yanzu shi ke cinye riba. Duk da haka wanda ya yi rani ɗaya a fadama ba zai roƙi kuɗin fom a hannun kowa ba.

Yaya Nas: Tun ɗazu ina karantawa, duk maganar maza kuke yi. Yarinya ba ta da benci. In ta gama a watan Yuli, sakamako ya fito ba ta samu gurbi ba, kafin kaka an fara zancen sa rana. Ku ɗauki dokar ƙanena ku ɗora a kan 'yan mata, ku ga mace nawa za ta rage a makaranta daga garin nan.

Ni sai a karo na uku na shiga makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu. Shekara biyun da ke tsakani ba a zaune na yi su ba. Awara nake soyawa da yamma, da safe ina wurin ɗinki, da dare in kunna fitila in buɗe littafin Bayoloji. Gwaggona ta yi ta cewa zan tsufa a gida, Baba ne ya tsaya ya ce a bar ni in ƙara gwadawa, Allah ya saka masa. Yanzu ku gaya mini, in matar ɗayanku naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, wa kuke so ku tarar a ɗakin haihuwa? Kowa cewa yake a samo mace. To macen nan daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce da aka yi wa haƙuri ta faɗi ta tashi.

Mai Gyaran Waya: Yaya, a kan 'yan mata na sara miki, ban yi tunanin nan ba. Amma a kan samari ina nan kan bakana. Ke kin iya haɗa biyu, ba kowa ke iyawa ba, taura biyu ba ta taunuwa. Yaron shago da hankalinsa ke kan jarrabawa ba ya koyon aiki, ubangida kuma yana ganewa, ba zai sakar masa sirrin sana'a ba. Sannan a faɗi gaskiya, ɗaya daga cikin yaran da ke ƙarƙashina digiri gare shi, ya yi bautar ƙasa ya dawo, yanzu nake koya masa riƙe abin narka dalma. Wahalar shekara nawa ke nan?

Malamin Firamare: Shi mai digirin, a wata nawa ya iya abin da ya ɗauke ka shekara uku? Ka faɗa mana tsakani da Allah.

Mai Gyaran Waya: Yana da saurin ɗauka, wannan gaskiya ne. Yana karanta taswirar cikin waya a intanet, ni sai dai a nuna mini.

Malamin Firamare: To ka gani. Ni inda nake ganin laifinmu manya shi ne wurin cike fom. Yaro ya je shagon rajista shi kaɗai, ya zaɓi likitanci a Jami'ar Bayero don sunan ya yi masa daɗi, da maki 170 cikin 400. Haka zai yi ta yi har shekara huɗu. Alhali ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel inda ni na yi NCE, wato takardar shaidar malanta, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta Binyaminu Usman a Haɗejia, ga makarantar kiwon lafiya ta Jahun. Makin da kwalejoji ke nema bai kai na jami'a ba, kuma JAMB na ba da damar canza makaranta da kwas bayan sakamako ya fito. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake yi ya mutu, don haka a yi amfani da shi tun yana da rai. Auta, 176 ɗinka da an zauna da kai, da yanzu wata maganar ake. Ga kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Kawu: Ni ban yi boko ba, ɗana ne ke karanta mini. Akuya biyu na kai Maigatari ranar Alhamis saboda kuɗin jarrabawar yaro ɗaya. Kuɗin zanawar farko wajibina ne, ban yi da-na-sani ba. Na biyu kuwa, wanda ke so ya sake, ya nemo da guminsa. In ya nemo, na san da gaske yake, kuma ba zan hana shi ba ko sau nawa ne.

Autan Zaure: Kawu, na ji, kuma ban ga abin musu ba. Yaya Manomi, in dashe ya zo ka sa da ni, zan zo da mutum biyu cikin 'yan bencin. Malam, ban san ana canza makaranta ba sai yau. Ina son aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, in Jahun za ta kai ni can ba ni da matsala da ita. Zan zo gida bayan isha'i da takarduna.

Mai Gyaran Waya: Ni dai har yanzu ina ganin sau uku ya yi yawa ga namiji, kuma in Auta ya sake faɗuwa zan zo da kaina in tafi da shi Kano. Amma akwai tsohuwar kwamfutar cinya a shago, batirinta ne ya mutu. Zan gyara in sa mata tambayoyin shekarun baya in aiko wa Malam ranar Juma'a, kowa ya saba da ita kafin ranar.

Yaya Nas: Allah ya ƙara buɗi. Malam, in ta iso a ware wa 'yan mata ranakunsu, kuma da hantsi, don ba gidan da zai bar su fita bayan magariba. Akwai huɗu a unguwarmu da suka gama bana, gobe zan shiga wurin iyayensu mata.