Ranar da aka ci Pillars a gida: abin da muka gani a kakar 2015

Mai buɗe zance, daga Fagge:
'Yan uwa, ina roƙon duk wanda ya shaida kakar Firimiyar Najeriya ta 2015 ya faɗa mana abin da ya gani, musamman ranar 23 ga Agusta, da Nasarawa United ta ci Kano Pillars 2-1 a filin wasa na Sani Abacha. Ina kan dandamali a ranar, kuma har yau abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da ya sauka bayan busa ta ƙarshe, a filin da ba a doke mu ba a wasan lig tun 2003, lokacin da ƙungiyar Julius Berger ta yi nasara a kanmu.

Wani dattijo daga Ƙofar Mata:
Ɗana, ni a wurina kakar ta karye ne tun watan Maris, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri domin wasan farko da Heartland, aka raunata biyar, cikinsu har da Gambo Mohammed. Ina shagona labarin ya iso ta rediyo, na rufe ƙofa, muka taru a bakin filin muna jiran ƙarin bayani har magariba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi a 2012 da 2013 da 2014 ta shiga gasa da rauni a jiki da fargaba a zuciya, shi ya sa da Nasarawa ta zo ta yi nasara ban zargi yaran ba ko kaɗan.

Mai goyon bayan Nasarawa, daga Lafiya:
Baba, gaskiya ka faɗa. Mu huɗu muka zo a mota guda, kuma na ɓoye rigar ƙungiyarmu a ƙarƙashin jamfa saboda abin da aka sha gaya mana game da Kano. Da aka tashi, mutumin da ke gefena, wanda ya yini yana kiran "Sai Masu Gida" har muryarsa ta dushe, ya miƙo mini hannu, ya ba ni ruwan leda, ya ce mun fi su wasa. A wannan kakar muka ƙare na uku, bayan Enyimba da Warri Wolves.

Wani direba daga Kurna:
Fasinjojin da na ɗauko daga filin ba wanda ya ce uffan har muka wuce Ƙofar Ruwa, sai wani yaro da bai kai shekara goma sha biyu ba ya tambayi mahaifinsa ko dama ana iya cin Pillars a Kano. Mahaifin ya ce masa ana ci, kuma wasa na gaba ma za su dawo.