Wace kalma za mu sa wa wurin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo?

Malama Rabi: Salamu alaikum. Ina rubuta darasi kan rabe-raben karayar idon sawu a yara, na tsaya a kan abin da likitoci ke kira fisis. Na ga an rubuta "farantin girma". Ya zauna?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Bai zauna ba, mai karatu zai hango kwanon abinci. Abin nan siririn guringuntsi ne a kwance tsakanin kan ƙashi da wuyansa. Ya fi jijiyoyin gaɓar rauni, shi ya sa murɗewar da za ta sa wa babba targaɗe, yaro karaya take yi masa. Ina ba da "matsirar ƙashi".

Malam Bala mai hoto: Dakta, a rubuce "matsira" sai a ɗauka wurin kuɓuta ne. Me zai hana "layin girma"? A hoton asibiti (X-ray) baƙin layi yake fitowa, tunda guringuntsi ba ya tare hasken.

Dakta Hadiza: Layi a hoto kawai yake, Malam Bala, kuma sabon ma'aikaci ya sha ɗaukar wannan layin a matsayin karaya. A kira shi da ainihinsa, "guringuntsin tsawo". Tsawo yake ƙarawa, kauri daga fatar ƙashi yake zuwa. Ku gwada shi da rabe-raben karayar wannan wuri da likitoci Salter da Harris suka yi a 1963. Na ɗaya, karayar ta bi guringuntsin tsawo kaɗai, hoto ma yana iya fitowa lafiya. Na biyu, ta bi shi ta ɓalli wuyan ƙashi, shi ya fi yawa. Na uku, ta tsaga kan ƙashi ta shiga gaɓa. Na huɗu, ta keta wuya da guringuntsi da kai gaba ɗaya. Na biyar, an danne shi ya murƙushe, sau da yawa ba a ganewa sai ƙafa ta gajarce ko ta karkace.

Dakta Sani: Na yarda. Sai dai a bayyana wa ɗalibai cewa a idon sawu kan ƙashin ƙwauri yana ƙasa ne, wuya a sama. Kalmar za ta yi amfani wajen karayar Tillaux ma. Guringuntsin nan ba ya rufewa lokaci guda: tsakiya yake fara zama ƙashi, sai ɓangaren ciki, na waje ya zo ƙarshe, cikin kamar wata 18. A wannan tsakanin, in ƙafa ta murɗe waje, jijiya takan fizge gefen da bai rufe ba. Wannan ita ce karayar Tillaux, nau'i na uku ke nan. Idan ratar cikin gaɓa ta wuce milimita 2, filasta ba ta isa ba, sai an mayar da ƙashin an ɗaure da ƙusa, kuma a guji keta guringuntsin da ita.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai. Na rubuta guringuntsin tsawo, kan ƙashi, wuyan ƙashi. Tsarin Dias da Tachdjian na 1978 fa, mai duba yadda tafin ƙafa ya tsaya da inda ƙarfi ya bi?

Dakta Hadiza: Wannan sai mun daidaita kalmomin juyin ƙafa tukuna, "murɗewa" kaɗai ba za ta raba su ba. Buɗe masa zaure daban.