Jama'a wai me za mu kira "free verse" da Hausa?

Salam 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da waƙoƙin Walt Whitman na Amurka, ina so in yi wa ƙanwata bayani da Hausa don tana da jarrabawa, jigo da zayyana duk sun zo min da sauƙi tunda muna da kalmominsu, amma sunan irin waƙar ne ya tsaya min a maƙogwaro. Littafinsa Leaves of Grass ya fito 1855 a Brooklyn, waƙoƙi 12 kacal, shi ya biya kuɗin bugawa, kuma ya yi ta ƙari yana gyara har ya rasu 1892. Ba amsa-amo, ba karin da za ka auna, ɗango ɗaya sai ya miƙe har numfashi ya kusa ƙare maka. Me za a ce da wannan?

— Malam ai ba wahala, waƙa mara kari. Ko kuma waƙar zube.

— Zube dai a'a gaskiya. Zube shi ne labari a shimfiɗe, shi kuwa wannan a ɗango-ɗango yake, ya san inda yake yanke layi.

Nima abin da na gani ke nan. Sannan "mara kari" ɗin nan yana damuna sosai, kamar an kira mutum da abin da ya rasa. Ku karanta shi da ƙarfi ku ji, yana fara layi biyar shida da kalma guda, yana jero mutane da sana'o'insu, kafinta, matuƙin jirgi, bawan da ya gudo, wallahi ni kirarin maharba yake tuno min, shi ma ai ba ƙafiya ke riƙe da shi ba amma ba mai cewa ba shi da tsari. Akwai inda yaro ya ciko hannu da ciyawa ya kawo masa yana tambaya mece ce wannan, ya ce shi ma bai sani ba, sai ya yi ta juya ta, ya ce tana tsirowa wajen baƙi da farare duk ɗaya, can kuma ya ce gashin kaburbura ce da ba a aske ba. Hoton ciyawar nan shi ke ɗaure waƙar, rai da mutuwa a tafin yaro. Haka waƙar makokin shugaban Amurka Abraham Lincoln da aka kashe 1865, abu uku yake ta komawa kansu, fure da tauraron yamma da wani tsuntsu mai kuka a fadama.

— To 'yantacciyar waƙa fa? Larabawa ma shi'irul hurr suke cewa.

— Yayana wannan ai sai a ɗauka ƙwar biyar ɗinmu, mai ɗango biyar-biyar a baiti, a cikin bauta take. Ni sakakkiyar waƙa na fi so.

— Sakakkiya kuma? Hankalin mutane kan bazawara zai tafi. Ga shi yawancinmu ba ma sa ƙugiya a waya, wani zai karanta saƙaƙƙiya.

Na yarda da ku biyun. Amma sakin nan akwai gaskiya a ciki, shi ya sa tun jiya nake ta nanata "waƙar sakin linzami". Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu sukuwa ran hawan salla ya san in mahayi ya sassauta linzami kofato ba ya rikicewa, bugunsa na nan daram, dokin ne da kansa yake ƙayyade shi. Kuma Whitman ya iya jan linzamin in ya ga dama, ɗaya waƙar da ya yi wa Lincoln, ta kyaftin ɗin jirgi, da amsa-amonta da karinta.

— Ta ɗan yi tsawo Malam, amma ta zauna a baki. A aji sai a ce sakin-linzami kawai.

Madalla. Ita zan rubuta wa ƙanwata yau da daddare, waƙar sakin linzami, in ga ko za ta gane ba tare da na ƙara mata bayani ba. Malaman Hausa da ke nan, in akwai wadda kuka riga kuka tsayar a jami'a don Allah ku faɗa mana.