Yadda za a rubuta iyakar da ba ta da ƙarshe a PostgreSQL

Da ake shirin fitar da PostgreSQL 10, manhajar adana bayanai a tebura, a 2017, masu gina ta sun daɗe suna muhawara kan kalma guda: UNBOUNDED. In an raba babban tebur yanki-yanki, ana rubuta inda kowane yanki ya fara (FROM) da inda ya ƙare (TO), kuma da wannan kalma ake nuna cewa wani yanki ba shi da iyaka. Matsalarta, ma'anarta tana bin gurbin da ta zauna. A bayan FROM tana nufin ƙasa da komai, a bayan TO kuma sama da komai.

In da ginshiƙi ɗaya aka raba teburin, kamar na shekara kawai, babu laifi. Amma a ce an raba teburin ciniki da shekara da wata. Yanki na farko ya ƙare a (2016, UNBOUNDED), na biyu ya fara daga nan. Ido yana ganin iyaka ɗaya, amma a wurin kwamfuta na biyun ya koma farkon 2016, yankunan sun hau juna. A kan haka aka tsaya kan MINVALUE (ƙasa da komai) da MAXVALUE (sama da komai), waɗanda ma'anarsu ba ta sauyawa ko'ina aka sa su. Ni ma nan nake, don mai karanta umarnin bayan shekara biyu ba sai ya yi ta lissafi ba. Oracle da MySQL, wasu manhajojin adana bayanai, su ma MAXVALUE suke amfani da ita.

An kuma ja kunne cewa iyakar ƙasa tana cikin yankin, ta sama ba ta ciki. In ka sa MAXVALUE a ginshiƙi, duk na bayansa su ma MAXVALUE za su zama. Layin da mabuɗinsa NULL ne kuwa, wato babu komai a ginshiƙin da aka raba teburin da shi, ba ya shiga kowane yanki, sai yankin DEFAULT, mai karɓar layukan da ba su dace da sauran ba, da ya zo a PostgreSQL 11.