Musayar Waƙa a Kan Tsohuwar Fijo da Motar da Za Ta Gaje Ta

Mai Fijo:

Assalamu alaikum, 'yan zauren waƙa. Shawara na zo nema, kuma tunda al'adar zauren nan ita ce a yi magana da baiti, ga tawa. Motata Peugeot 504 ce a-kori-kura, wadda na gada daga mahaifina, da ita nake ɗauko riɗi da wake daga kasuwannin Jigawa zuwa Dawanau. Yanzu an yi mini tallan wata Kanta ta hannu, wato Mitsubishi Canter, hankalina kuwa ya rabu biyu.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Shi ne Mai ba mu, Mai hanawa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Sannan, 'yan'uwa, ina sanarwa,
Cewa ina shirin rabuwa da tsohuwar mota.

Fijo ce, can a Kakuri ta Kaduna aka haɗa,
Da guminsa Baba ya saya, haka ya faɗa,
Ya ɗauki gero da ita, ya ɗauki gyaɗa,
Makullinta bai bar wani ya murɗa,
Sai ni, ran da ya ce in je in tuƙa ta.

Daren Laraba a Maigatari muke kwana,
Alhamis mu yi lodin riɗi da rana,
Buhu 10 take ɗauka ba wata magana,
Ta biyo ta Gumel, bayanta ya zauna,
Har Dawanau ba ta neman ta huta.

Yanzu lagireto kullum yana tafasa,
Baƙin mai yana ɗiga, yana jiƙa ƙasa,
Giya ta biyu in na nema sai ta kasa,
Ɗan hawa kaɗan sai ta gan shi da nisa,
Da safe sai yara sun taru sun tura ta.

Tun 2023 da aka janye tallafi,
Kuɗin fetur ya zo mana da zafi,
Abin da na samo, cikin tanki ya tafi,
Ban ce tsohuwar ita ce da laifi,
Amma kafiretonta ba ya tsimin lita.

An nuna mini Kanta mai taya shida,
Mai shan gas, an ce sabuwar shigowa gida,
Dillali ya rantse, ya ce in yarda,
Ya ce akwai rasit, akwai takarda,
Ku ba ni shawara kafin in biya kuɗinta.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ci abinci da Fijo a hanyar Kano zuwa Kaduna har gashina ya yi fari, saboda haka ba zan ji ana shirin sallamar ta in yi shiru ba.

Ɗana, ka saurara, kada ka yi gaggawa,
Wanda bai tuƙa Fijo ba, bai san mota ba.

A 1968 Faransawa suka fito da ita,
A 1969 Turai ba ta ga wadda ta kai ta ba.

A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna,
Daga nan babu ma'aikatar da ba ta shiga ba.

Gwamna ya hau ta, alƙali ya hau ta,
Amarya ma ba a kai ta ɗaki a wata ba.

In ta tsaya maka a ƙauyen da babu lantarki,
Ba za ka rasa mai sifana da ya san cikinta ba.

Ka nemi fulogi, ka nemi fambel ko kuloci,
Ƙofar Ruwa da Panteka ba su taɓa cewa babu ba.

Ita kuwa Kanta, ran da famfon gas ya yi gardama,
Ba za ka biya gyaransa da lodin mako guda ba.

Gas ɗin ma tun da daɗewa babu tallafi a kansa,
Bai zo da sauƙin da ake faɗa maka ba.

Ka sa mata ringi, ka wanke mata lagireto,
Ka gani ko ba za ta saka maka da alheri ba.

Abin da mahaifi ya bari ba a kai shi kasuwa da garaje,
Na ga waɗanda suka sayar, ba su ji daɗi ba.

Yayar Mai Fijo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ce yayar mai wannan mota, kuma duk ranar da ta lalace a hanya, wayata ce take fara ƙara.

Baba, Allah ya ja kwana, na ji batunka,
Ban isa in ja da kai ba a fagenka,
Kai ka san hanya, ni na san gidan ɗanka,
Na san abin da ke fita da sunan gyara.

An sa ringi, an sake gasket, an yi walda,
An ja ta da igiya daga bakin gada,
Matarsa ta sayar da tunkiya, ta yarda,
Kuɗin ya tafi gareji maimakon yara.

Mahaifinmu da kake ambato da alheri,
Shanun noma ya sayar, ya mai da su jari,
Ya sayi Fijo yana shan surutun gari,
Da ya tsaya a kan gado, da ba abin da ya tara.

Abin da ya bar wa ƙanena shi ne sana'a,
Da sunan kirki wurin fatake da jama'a,
A da lodin Alhamis yana sauka Juma'a,
Yau sai Lahadi, har an fara kai ƙara.

Saboda haka ni dai Kanta nake so,
Amma ban san inji ba, Bakanike ya taso,
Ya duba ta sosai kafin kuɗi su ƙaraso,
Kada mu gudu daga gyara mu faɗa wa gyara.

Bakanike:

Hajiya ta kira ni, ga ni na amsa. Baba, a gafarce ni, ba zan shiga tsakaninka da 'yarka ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda ake duba motar gas ta hannu, domin mafi yawan waɗanda suke kawo mini kuka sun sayi fenti ne da rantsuwa, ba su kwanta a ƙarƙashin motar ba.

Maigida, kada ka je ganin Kanta da rana,
Ka je da asuba, bayan injin ya kwana,
Injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwon jiki.

Ka dafa shi da hannu ka tabbata da sanyi,
Sannan a tayar, ka ji ko zai yi nauyi,
Mai lafiya bugu ɗaya yake kama aiki.

Ka koma baya ka tsaya wajen salansa,
Ka dubi hayaƙin ka karanta launinsa,
Shi ne shaidar da ba ta karɓar toshiyar baki.

Baƙi yana nuna nozul ko matatar iska,
Wannan da sauƙi, ba ya ɓata fuska,
Gyaran yini guda ne, kada ya hana ka ciniki.

Shuɗi kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa,
Ringi ya cinye, silinda tana lalacewa,
Fari in ya ƙi ɗaukewa, ruwa ya shiga ciki.

Ka buɗe murfin mai injin yana juyawa,
In ka ga tururi da ƙarfi yana bugowa,
Ka yi musu sallama, ka bar kuɗinka a banki.

Ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙasa,
Ka bi shasi kana ƙwanƙwasa shi da ƙusa,
Inda ka ga walda, nan ne tsohon miki.

Ta Turai ta sha gishirin ƙanƙara a titi,
Yana cin ƙarfe, a zo a rufe da fenti,
Ka duba sifirin, ka duba bututun birki.

Ta Japan tana zuwa da sitiyari a dama,
A mai da shi hagu, wani juyin sai fama,
Ka tabbata wanda ya juya shi ya yi aikin kirki.

Batir biyu take ci, taya shida take sawa,
Ka lissafa su tun kafin ranar sauyawa,
Kada ribar buhu 30 ta sa ka ɗoki.

Takardar kwastam ita ce uwar takardu,
Lambar shasi da ta takarda dole su haɗu,
In harafi ɗaya ya saɓa, ka fasa ciniki.

A Janairun 2017 aka hana shigowa ta tudu,
Aka ce mota ta biyo jirgin ruwa, ta tashar kudu,
Wadda ta ratso daji, ran kamu ba ta da mataimaki.

Fijonka na san ta, na sha buɗe ta,
Baba ya yi gaskiya, akwai kayanta,
Amma yawancinsu kwance ne daga wani tsohon jiki.

Dillalin Mota:

Ba ni ne na yi wa Alhaji tallan ba, amma tunda an taɓa sana'armu, zan ce wani abu.

Malam Bakanike, kada a yi mana kuɗin goro,
Akwai dillalin da ya fifita mutunci a kan la'ada.

Mota tana Legas, mai saye yana Kano,
In babu mu a tsakani, wa zai zama gada?

Ni ma na yarda a zo da asuba a duba,
Mai kaya mai kyau ba ya tsoron shaida.

Fijon kuwa, Alhaji, in ka tashi rabuwa,
'Yan gwangwan suna biya da kilo, ba sa neman takarda.

Mai Fijo:

Malam Dillali, wannan batu bai yi ba,
Ban kai ga ɗora Fijo a sikeli ba,
Ta kai Inna asibiti ba sau ɗaya ba,
Ta ɗauko kayan amaryata, ban manta ba,
Allah ya kiyaye in ga an daddatsa ta.

Tsohon Direba:

Ina kan hanya a watan Afrilun 1972 lokacin da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, don haka maganar sitiyarin da Bakanike ya kawo ta fi komai shiga kunnena. Na sassauta, amma da sharaɗi.

'Yata ta kayar da ni da zancen yara,
Wanda ya ja da wannan bai yi adalci ba.

Juyin sitiyari shi ne abin da nake tsoro,
Na ga wanda ya kwance ana gudu, ba a ji da daɗi ba.

Ka nemi wadda aka ƙera da sitiyari a hagu,
Ko da fentinta bai burge 'yan tasha ba.

Sharaɗina shi ne a kai Fijo ƙauye,
Ta ɗebi taki da ruwa, ba ta gaza wannan ba.

Mai Fijo:

'Yan zaure, na dawo da labari bayan an kammala ciniki, kuma ina godiya ga kowa, har da Malam Dillali.

Mun je da asuba da Bakanike da Yaya,
Aka tayar da Kanta, muka koma baya,
Shuɗin hayaƙi ya tashi ya rufe hanya,
Ƙusa ta tono walda kusa da taya,
Muka yi godiya, muka juya muka bar ta.

Daga baya aka kai mu ga wata tsohuwa,
Fentinta ya koɗe, ba ta da ƙawa,
Kujerar direba ta yage, tana lotsawa,
Amma bugu ɗaya injin yake amsawa,
Sitiyarin a hagu yake tun daga masana'anta.

Injinta 4D33 ne, marar turbo,
Bakanike ya ce a nan akwai rabo,
Shasi lafiya, babu walda, babu tabo,
Na sayar da bijimi da buhunan zoɓo,
Na cika da adashin Yaya, na biya kuɗinta.

Fijo kuwa, Baba, na bi sharaɗinka,
Na kai ta ƙauye bisa umarninka,
Ɗan baffana ya karɓa, yana gaishe ka,
Taki za ta ɗiba in an kusa shuka,
Na ce ran da ya gaji, ni zai mayar wa da ita.

Abu ɗaya na cire, shi ne tsohon carbi,
Wanda mahaifina ya rataya a madubi,
Na kai shi Kanta, na ba shi gurbi,
Hannuna har yau giyar Fijo yake bi,
Sai na laluba sannan in tuna na sauya mota.

Bakanike:

Allah ya sa alheri, ya tsare hanya,
Amma kada ka fara ɗora mata kaya,
Sai ka kawo ta an juye mai, an duba birki.

Gas ɗin bakin titi yakan zo da ruwa,
Akwai ɗan kofi a ƙasan filta mai tarewa,
Ka riƙa zubar da shi, kuma kada ka ƙarar da tanki.

In tanki ya ƙafe, iska ce za ta shiga,
Sai an fitar da ita kafin injin ya buga,
Turin yaran unguwa sai dai ya gajiyar da jiki.

Buhu 30 na ce, kada Dawanau ta ruɗe ka,
In ka ɗora 50, sifirin zai kunyata ka,
Ka zo Asabar da hantsi, ka riƙo filta da kuɗin aiki.