Wane tallafi za mu nema daga kamfanoni don koya wa ɗalibai rubuta manhajojin talabijin?

Malamin Kwamfuta, Agege:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a nan Legas, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar talabijin ciki da waje. Ɗalibanmu suna kammala karatu da ɗan abin da suka iya na rubuta manhajar waya da shafukan intanet, amma da wuya a sami wanda ya taɓa rubuta manhajar da za ta yi aiki a kan talabijin, irin wadda mai kallo zai danna rimot ya zaɓi harshen da yake so, ko ya amsa tambayar gasa, ko ya koma farkon shirin da ya wuce shi. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin darussa a ƙarshen 2022, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, na ga dama ta samu ta shigar da wannan darasi. Sai dai ɗakin gwajinmu kwamfutoci ne kawai, kuma babu wani malami a cikinmu da ya taɓa aiki a gidan talabijin. Wane irin tallafi ya kamata mu nema daga kamfanoni, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Injiniya, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikina ke nan a wani kamfanin yaɗa fina-finai ta intanet, kuma shawarata ta farko ita ce kada ku fara da neman kuɗi, domin abin da irin wannan roƙo ya fi haifarwa shi ne taron yini ɗaya, a raba riguna, a ɗauki hotuna, kowa ya watse.

Rabin aikin yana hannunku tun yanzu. Kowane talabijin mai intanet yana da babbar manhajar da ke tafiyar da shi: na Samsung suna aiki da Tizen, na LG da webOS, na Hisense da yawa kuma da VIDAA, kuma dukkansu da HTML da CSS da JavaScript ake rubuta musu manhaja, wato abin da ɗalibanku suka riga suka sani. Android TV na Google kuwa harshen rubuta manhaja na Kotlin ko Java yake buƙata. Samsung da LG da Google duk suna ba da kayan rubutun kyauta, har da manhajar da ke kwaikwayon talabijin a kan kwamfuta. Inda gizo ke saƙar shi ne cewa kwaikwayon ba ya nuna wa ɗalibi gaskiyar lamarin. Talabijin ba shi da ƙarfin kwamfuta, ma'ajiyarsa ƙarama ce, saboda haka shafin da ke gudu sumul a kwamfutar ɗalibi yana iya tsayawa cik da zarar an loda masa hotunan fina-finai masu yawa. Ga kuma batun rimot: babu taɓa allo, sai sama da ƙasa da hagu da dama da maɓallin amincewa, kuma dole a kowane lokaci mai kallo, wanda ke zaune kamar mita 3 daga allo, ya gane inda zaɓinsa yake. Na ga sabbin ma'aikata masu kaifin basira sun kwashe makonni suna fama da wannan kaɗai.

Don haka ku nemi ainihin akwatunan talabijin da dikodoji, ko da tsofaffi ne, kai tsofaffin ma sun fi koyarwa. Ku nemi kamfani ya ba ku injiniya ɗaya da zai riƙa zuwa duk mako tsawon zangon karatu yana duba aikin ɗalibai, sannan ya buɗe muku hanyar bidiyo ta gwaji, domin su ga yadda HLS da DASH, wato hanyoyin aika bidiyo ta intanet, ke rage ingancin hoto idan intanet ya yi rauni maimakon kallo ya yanke. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce SIWES, shirin sanin makamar aiki da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ya kafa a 1973. Idan kuka tura wa kamfani ɗalibai biyu da suka riga suka iya sarrafa rimot a manhaja, shi da kansa zai nemi wasu a shekara mai zuwa.

Alhaji Mai Talabijin, Alaba:

Malam, ni ɗan kasuwa ne, amma ina roƙon a saurari abin da nake gani a shago kullum. Mutane suna sayen talabijin mai intanet, sai dai da yawansu dikodar GOtv ko StarTimes suke jona masa, domin kuɗin data ba ya barin su kallon fim ta intanet a babban allo. Idan yaranku suka rubuta manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi, to 'yan Lekki da Ikoyi suka yi wa aiki, ba mutanen Agege ko Mile 12 ba. A koya musu haɗa talabijin da wayar hannu, mai kallo ya ga tambaya a allo ya amsa da saƙon tes. Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: na sha ganin rubutun Hausa a allon wasu akwatunan, inda ƙ da ɗ da ɓ suka koma ɗan murabba'i babu komai a ciki. Idan 'ya'yanmu ba su gyara wannan ba, ban ga wanda zai damu ya gyara ba. Game da kaya kuma, muna da akwatunan da suka ƙuje a hanya, lafiyarsu ƙalau amma mai saye ba ya son su, kuma na tabbata idan jami'a ta rubuto wa shugabannin kasuwa takarda za a sami masu bayarwa.

Malama Mai Koyar da Aikin Jarida, Yaba:

Na yarda da yawancin bayanin Injiniya, amma ina da ja a wuri ɗaya. Idan jami'a ta jingina darasinta da kamfani guda, za ta wayi gari tana horar masa da ma'aikata kyauta a kan fasahar da zai iya jefarwa gobe. Ya kamata ginshiƙin darasin ya zama ƙa'idojin da ba mallakar kowa ba, kamar HbbTV da ake amfani da shi a Turai, wanda ke haɗa shirin da ya zo ta eriya da abin da ya zo ta intanet a allo ɗaya.

Misalin Brazil ya isa a yi nazari a kansa. Lokacin da ƙasar ta fara komawa talabijin na dijital a 2007, manhajar da ke ba mai kallo damar mu'amala da shiri, wato Ginga, a jami'o'inta aka ƙirƙiro ta, jami'ar PUC ta Rio de Janeiro da jami'ar tarayya ta Paraíba, kuma a 2009 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da wani ɓangarenta a matsayin ƙa'ida. A nan gida an fara komawa dijital a Jos a 2016, aka ƙaddamar a Legas a watan Afrilun 2021, amma hankali ya fi karkata ga tsabtar hoto da yawan tashoshi, aka bar batun manhajojin da za su hau kan akwatunan.

Kamfanoni suna zuba jari a horo idan sun ga amfaninsu, kamar yadda MultiChoice, kamfanin da ke da GOtv, ya buɗe makarantar horar da masu shirya fina-finai a 2018, wadda ke da reshe a nan Legas. Kada kuma a manta cewa kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, daga harajin da kamfanoni ke biya a kan ribarsu yake fitowa, don haka jami'ar gwamnati tana da haƙƙin neman ɗakin gwaji ta wannan hanya ba tare da ta miƙa wuya ga kowa ba. Ina kuma ba da shawara a haɗa ɗaliban kwamfuta da na aikin jarida a aiki ɗaya, domin mai rubuta manhaja bai cika sanin abin da ke riƙe mai kallo ba. Duk yarjejeniyar da za ku sa wa hannu, a fayyace a rubuce cewa manhajar da ɗalibi ya ƙirƙira tasa ce ko ta jami'a, kafin wani ya ɗauke ta ya sa mata tambarinsa.

Malamin Kwamfuta, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar wa sashenmu darasin a matsayin na zaɓi ga 'yan aji uku, kafin su fita SIWES, kuma aikin farko zai zama manhajar da ke nuna fassarar Hausa da Yarbanci a ƙasan bidiyo da haruffa cikakku. Alhaji, takardar za ta fito daga ofishin shugaban sashe, sai ka nuna mana wanda za a kai wa. Injiniya, idan da hali ka rubuto mana mafi ƙarancin abin da ya kamata akwatin gwaji ya kasance da shi, domin kada mu karɓo waɗanda ba za su bari a ɗora musu manhajar ɗalibai ba.